Ranar da Iya Ta Dube Ni

Sau uku rana ta yi zazzaɓi a kan idona. Na ƙarshen, rediyo ne ya riga kowa sani, ya faɗi rana ya faɗi lokaci, har jikokina suka kwana biyu suna turara fasasshen gilashi da hayaƙin fitila. Da abin ya zo suka zaunar da ni a kan turmi, suka danƙa mini nawa gilashin, suna ta yi mini bayani kamar yau aka haife ni. Na ƙyale su suka yi. Na biyun kuwa ba ni da abin faɗa a kansa, ina fama da yaye ga ciwon haƙori, na leƙa ƙwaryar ruwa sau ɗaya na koma ɗaki. Na farkon shi ne nawa. In yara suka tambaye ni, nakan ba su labarin kurciyoyi da sanyin da ya sauko, su tashi sun gamsu. Sauran labarin ban taɓa ba su ba.

A Gure aka haife ni, kuma ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Wanda bai tashi a irin gidajenmu na wancan zamani ba, sai an yi masa bayani. Uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta zama ta zuba masa ido. In ya faɗi, sai ta jira wani ya ɗaga shi. Mata da yawa a gaban jama'a kawai suke wannan kunyar, in an shiga ɗaki an saki asabari su rungume abinsu. Iya, mahaifiyata, ba ta san wannan rangwamen ba. Ita in ta riƙe abu, to ta riƙe ke nan. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar mahaifina, can ƙarshen gida, kuma tun daga ranar sunana a bakin Iya ya zama "waccan".

"Ki ce wa waccan tuwo na hucewa."

Ƙanwata take gaya wa haka, alhali ina zaune kusa da su har zanena na gogar nata. Ƙanwata ta juyo da fuskar manzo ta ce, "Yaya, an ce tuwo na hucewa." Ni ma in ce, "Ki ce na ji." Haka muka yi shekaru, magana ba ta isowa gare ni sai ta yada zango.

Ba zan ce ba ta so na ba, don ƙarya ce. Ƙashin da ya fi tsoka a kwanona yake faɗawa, ba a san wanda ya sa shi ba. In na kwanta zazzaɓi, nakan ji tafiyarta a bayan dangar Kaka, ta je ta dawo, wai kaza take nema. Amma ni yarinya ce mai naci, abu guda nake so, shi ne ta dube ni a fuska, ido cikin ido, yadda take duban ƙanwata in tana yi mata kitso. Ba irin dabarar da ban yi ba. Na tsaya mata a bakin ƙofa. Na shafa toka a fuska na zo na durƙusa gabanta. Na hau rumbu na yi kamar zan faɗo, wata rana har na faɗo da gaske. Sai ta dubi ƙafata, ko kafaɗata, ko iskar da ke saman kaina. Duk Gure ba wanda ya san halin da ƙafafuna ke ciki kamar Iya.

Kaka ce ta fara ba ni labarin zazzaɓin rana. Ta ce tana amarya aka yi, tun Nasara bai zo ya gina bariki a kan tudu ba. Da hantsi ne, ba hadari ba komai, sai haske ya fara kodewa. Kaji suka nufi akurki, maza suka nufi masallaci, mata suka hau dukan turmi da tasa, yadda ake yi in wata ya shiga hannun rana. Aka hana kowa ɗaga kai, sai dai a zuba ruwa a ƙwarya a leƙa. Amma ita abin da ya tsaya mata a rai, gindin aduwa ne. Ta ce ɗigon hasken nan da ke ratsowa ta tsakanin ganye, duk suka zama jinjirin wata, ƙanana ƙanana, sun cika ƙasa. Na sa ta maimaita mini wannan labari ya fi a ƙirga. Nakan je gindin aduwar ƙofar gidanmu in tsuguna ina jira, har akuya ta gaji da kallona.

Iya ba ta taɓa ganin wannan ba, bayan an yi shi aka haife ta. Nata labarin daban ne, kuma ƙanwata take ba wa suna saƙa, ni ina gefe ina tsintar abin da ya faɗo. Mahaifiyarta ta makance tun Iya tana ƙarama, ita ce ta riƙa yi mata jagora. Tsohuwar ta gaya mata yadda abin ya zo. Ta daɗe tana gani dishi-dishi, sai wata rana tana cikin aiki duniya ta yi mata ruwan ƙasa-ƙasa, kamar an jiƙa kanwa, ta ji sanyi ya ratsa ta, tsuntsaye suka yi mata nisa. Kafin la'asar ta daina ganin tafin hannunta. Iya takan ƙare da cewa, "A yini guda ya tahi." Sai ta ci gaba da saƙarta.

Shekarar da abin ya faru ina da aure, ina zaune a Kelle, da sauran 'yan shekaru kafin a fara kwasar samari zuwa yaƙin Nasara na biyu. Kaka ta rasu da damina. Da aka gama girbi, sanyi ya fara ja da baya, mijina ya kawo ni ganin gida. Ɗakin Kaka an mai da shi wurin ajiyar harawa, dole na sauka a ɗakin Iya, karo na farko tun da aka yaye ni. Muka kwana a ɗaki ɗaya, ita ta ba ni baya, ni ina kallon ƙeyarta.

A wannan zaman ne na gane idonta ya fara tafiya. Iya masaƙiyar faifai ce da tabarma, kuma hannunta sananne ne a kasuwar Gure. Da karan dafi take rina jan kabarta, baƙar kuma da bagaruwa, in ta jera su a faifai sai ka ƙi rufe tuwo da shi. To sai na ga a wani sabon faifai ta sa ja a layin baƙi, har wuri uku. Na ga tana laluben basilla da ke gabanta. Ta ƙara yawan tozali, ta koma janyo mayafi har kan gira, kuma ba ta yarda ta fuskanci rana. Ba wanda ta gaya wa. Na tsorata, kuma ba ita kaɗai na tsorata wa ba. Na ce a raina, in idon nan ya rufe, shi ke nan, matar nan za ta gama ganin duniya ba ta taɓa ganina ba. Son kai ne, na sani, amma abin da na ji ke nan.

Ana gobe zan koma Kelle, Iya ta shirya zuwa yankan kaba. Ƙanwata ce abokiyar tafiyarta kullum, sai ga shi ta taka ƙaya, ƙafa ta kumbura kamar tulu. Iya ta tsaya tsakar gida da lauje a hannu, ta dubi ƙafar, ta dubi jaki, ta ce, "In akwai mai hannu biyu a gidan nan, kaba ba ta yanka kanta." Na ɗauki ɗayan laujen da salkar ruwa na bi ta.

Tafiyar da ɗan nisa. Muka bar gari, muka bar barikin Nasara da tutarsa a baya, muka shiga tuddan rairayi, hawa da gangara. Yanzu ba ƙanwata, ba manzo, sai Iya ta naɗa jakin a matsayinta. "Kai," ta ce masa, "wasu sun yi aure sun manta yadda ake tahiya cikin rairayi." Na ce, "Kai jaki, ka ce mata rairayin Kelle ma ba tabarma aka shimfiɗa masa ba." Na ga kafaɗarta ta motsa. Ina jin dariya ce, amma mayafi ya rufe.

Wanda bai san kwarurrukan ƙasarmu ba, ba zai yarda akwai su ba. Kana tafe cikin farin rairayi, ba inuwa ba ɗigon ruwa, sai ka hau wani tudu ka ga ƙasa ta lotsa a gabanka, cike da kore. Goriba a gefe-gefe, dabino a ciki, can tsakiya ɗan tafki da farar kanwa ta kewaye bakinsa. In ka sauka, iska ta tsaya a sama ta bar ka. Ba ka jin gari, ba ka jin kowa, sai kukan kurciya da ƙarar ganyen goriba yana gogar juna. Tun ina yarinya nake ganin kamar wurin ba a cikin duniya yake ba, ajiye shi aka yi a gefenta. Ran nan ba kowa sai mu. Muka ɗaure jakin a gindin wata aduwa, muka duƙa yanka.

Mun yi dami biyu, rana ta ɗan gota tsaka, sai na ji zafin da ke dukan bayana ya sassauta. Na ɗauka gajimare ne, ban ɗaga kai ba. Can na lura koren kabar da ke hannuna ya canza, ya yi duhu-duhu kamar an tsoma shi a ruwan toka. Farin rairayin tudu ya koma ruwan ƙasa. Inuwata na nan, bakinta ma ya fi kullum kaifi, amma hasken da ke kewaye da ita ya yi laushi, ba irin na yamma ba, ba irin na hadari ba. Kurciyoyin suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na miƙe na nufi wajen jakin don in sha ruwa, sai na tsaya cak. Gindin aduwar nan cike yake da jinjirin wata. A ƙasa, a bayan jakin, a kan salka, har a kan ƙafata. Suna rawa kaɗan-kaɗan in ganye ya motsa. Ashe Kaka ba ta ƙara gishiri ko kaɗan a labarinta ba.

Na juya da murna zan kira Iya, sai na gan ta zaune a ƙasa. Laujen na gefe. Ta ɗaga tafin hannunta kusa da fuska tana juya shi, ta murza ido, ta sake dubawa. Sannan ta janyo mayafi ta rufe kafaɗa, don sanyin ya fara saukowa. A hankali ta yi salati. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi kururuwa ba, ta zauna ne kamar wadda baƙon da ta daɗe tana jira ya yi sallama.

"Ke," ta ce. Ba jakin ta ce wa ba. "Zo nan."

Na zo na durƙusa, kaina a ƙasa yadda na saba.

"Ya zo," ta ce. "Abin da ya ɗauki idon uwata. Komi ya yi ja. Kina jin tsuntsaye? Ni sun yi mini nisa."

Maganar tana bakina. Kalma biyar ce ko shida: Iya, rana ce ta yi zazzaɓi. In nuna mata gindin aduwa, ta yi tsaki, ta ɗauki laujenta. Na buɗe baki ke nan sai na ji hannunta a haɓata, ta ɗago fuskata.

"Tsaya," ta ce. "Kada ki motsa. Ba ni da lokaci."

Sai na rufe bakina.

Ta ture mayafin baya, ta kama fuskata da hannu biyu. Tafinta kaushi gare shi, yana warin ɗanyar kaba. Ta matso har ina jin numfashinta. Ban taɓa sanin launin idon mahaifiyata ba sai ran nan. Ba baƙi ba ne, ruwan zuma ne mai duhu, da wata farar yana siririya a gefen na hagu, kuma a cikin kowanne ga ni nan 'yar mitsitsiya. Ta fara daga goshi. Ba sauri take ba, yadda take bin layin faifai take bina, ɗaya bayan ɗaya. Ta bi gira da babban yatsa. Ta juya ni dama, ta juya ni hagu, wajen da hasken ya fi.

"Goshin ubanki ne," ta ce. "An gaya mini, ashe gaskiya ne." Ta taɓa wani tabo a gefen girata. "Wannan na rumbu ne. Ina bayan danga ran nan. Na ji ƙarar faɗuwarki a cikina." Daga nan harshenta ya juya zuwa Barbarci, wanda ba ta yi sai ranta ya motsa, ta ce bakin nan na uwarta ne, har yadda leɓen ƙasa ke rawa. Rawa kuwa yake yi.

Hasken ya ci gaba da raguwa. Bai yi duhu ƙirin ba, ya tsaya ne a wani wuri tsakanin rana da magariba, inda ba inda za ka sa shi. Iska mai sanyi ta gangaro daga tudu. Ganyen goribar da ke samanmu ya tace sauran hasken, sai ga 'yan watannin nan a kan mayafinta, a kan hannunta, ɗaya ma a kumatunta yana hawa yana sauka. Ita ba ta gan su ba, ni take kallo. Na ji kamar kwarin ya tashi da mu yana shawagi, ba Gure, ba Kelle, ba jiya ba gobe. Ban san tsawon lokacin ba. In an ce mini daidai dahuwar shayi ne zan yarda, in an ce shekara ce zan yarda.

Amma akwai abin da ban manta ba. Tsoro ne fal a cikinta. Tana ganin daga yau sai sanda, sai jagora, ba ja ba baƙi, ba faifai. Ni kuwa maganin tsoron yana kan harshena, na danne shi. Na ce a raina, bari ta kai haɓa, sai in faɗa. Ta kai haɓa. Na ce bari ta sake komawa ido. Daɗi nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, kunya kuma tana cina a lokaci guda, kuma daɗin ne ya yi rinjaye. Hawaye suka zubo mini, ta share da yatsa ta ce, "Bari kuka, kina ɓata mini gani."

"Na so in dube ki ran da aka kai ki ɗaki," ta ce. "Na leƙa ta danga, sun lulluɓe ki. Ashe ke kyakkyawa ce. Mi ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Na ce, "Iya, ba ki tambaya ba."

"Wa zan tambaya? Jaki?"

Muka yi dariya mu biyu, tana riƙe da fuskata. Ko a ran nan ba ta kira sunana ba, kada in ƙara mata abin da ba ta yi ba. Ban kuma nema ba.

Iskar ce ta tona ni. Ta juya ta fara busowa daga wajen gari, ta ɗauko wani sauti can ƙasa-ƙasa, dukan turmi, ƙarar tasa, da muryoyin yara masu yawa suna tashi suna faɗuwa. Iya ta karkata kai. Wannan kiɗan ta san shi, ta sha yin sa da kanta in wata ya kamu. Amma ga shi da rana tsaka. Na ga tana haɗa abin a ranta. Ta dubi rairayin tudu, wanda ya fara komawa fari daga sama. Ta dubi tafin hannunta. Wata kurciya ta gwada murya, wata ta amsa mata. Sannan idonta ya sauka a kan mayafinta, ta ga 'yan watannin, ta kai yatsa ta taɓa ɗaya kamar za ta ɗauke shi.

Ta saki fuskata. Wurin da tafinta yake ya yi sanyi.

Ta tashi ta je bakin tafki, na bi ta a baya. Ruwan a kwance yake, ga rana a ciki, an gutsure mata gefe kamar wainar da yaro ya fara ci. Iya ta daɗe a tsaye. Ta yi hamdala sau uku. Sannan ta janyo mayafi har kan gira, ta koma ta ɗauki laujenta, ta wuce ni kamar kututturen dabino.

Sai da muka ɗaure kaba a bayan jaki ta yi magana, tana gyara igiya.

"Kai," ta ce masa, "wasu sun sani, suka yi shiru."

Na ce, "Ka ce mata sun sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ta kira su."

Ta ja igiyar da ƙarfi har jakin ya yi nishi. Na jira faɗa, na jira mari ma, kuma da ta yi da ban ga laifinta ba. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kora jakin muka hau tudu. Rana ta dawo da zafinta kamar ba ita ba, rairayi na ƙona ƙafa. Haka muka shiga gari.

Gure kuwa ta cika da labari. Maza sun fito daga sallar kisfewa, kowa na faɗin inda abin ya same shi. Wata maƙwabciyarmu ta fasa tasarta garin duka, tana nuna wa mutane kamar ta dawo daga yaƙi. An ce har kumandan Nasara ya fito ƙofar bariki da wani baƙin gilashi yana kallon sama, mutane suna mamakin ƙarfin halinsa. Ƙanwata ta tare mu da ɗingishi tana tambaya, "Iya, kun gani? Ba ku ji tsoro ba a kwari ku kaɗai?" Iya ta ce, "Mun gani. Ki ce wa waccan ta sauke kaba a inuwa." Washegari mijina ya zo da raƙumi. Da na durƙusa yi mata sallama, ƙafata ta duba, ta ce wa ƙanwata a gaya mini in riƙa shafa man shanu a kaushi.

Na daɗe ina auna abin da na yi. Wani lokaci in ce sata na yi, na bar uwata cikin firgici don in sami abin da nake so. Wani lokaci in ce ai nawa ne na karɓa. Na yi istigfari a kansa ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa iya cewa da na sani ba, don in aka mai da ni kwarin nan shiru zan sake yi. Ban kuma san ko ta yafe mini ba. Ba hanyar tambaya, irin wannan magana ba a aika ta ta bakin ƙanwa.

Idon nata bai tafi a yini guda ba. A hankali ya tafi, cikin shekara shida ko bakwai, ja ya fara ɓacewa, sannan fuskoki, sannan ƙofar ɗaki. Ta ci gaba da saƙa farar tabarma da lalube. Lokacin da aka aiko mini cewa ya rufe gaba ɗaya ina da 'ya'ya uku, na kwaso su muka zo Gure.

Na same ta zaune a ƙofar ɗaki. Ta koyi sabuwar al'ada, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta shafa fuskarsa. Ƙanwata ta riƙa tura mata yarana ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa babban, ta ce kunnuwan mutanen Kelle ne. Ta shafa ta biyun, ta ja mata hanci. Ƙaramin ya cije ta a yatsa, ta ce wannan ya yi gadon naci. Da aka gama da su na matso na durƙusa, na miƙa fuskata. Ta ji numfashina. Hannunta ya taso, ya tsaya a iska, sai ta mai da shi kan cinyarta.

Ƙanwata ta ce, "Iya, Yaya ce fa. Ki shafa ta mana."

Iya ta juya fuska wajen danga, ta laluba ta ɗauki kabarta.

"Waccan ba sai na shafa ba," ta ce. "Na riga na gan ta."